Na Biyu Ya Fito? Sana'ar Hayar Littattafan Hausa a Ƙasar Daura

Jarin mai hayar littafi ba shi da yawa. Tebur ɗaya ne a bakin kasuwa, ko kes na katako kusa da tasha, ko ɗan lungu a cikin shagon da ake sayar da biro da littattafan makaranta. Sai igiya da aka ɗaura daga wannan ƙusa zuwa waccan, an rataye sababbin fitowa a kai don bangonsu ya ja ido, tsofaffi kuwa suna jere cikin kwalaye a ƙarƙashin tebur. Akwai kuma wani littafin rubutu da ya sha hannu, inda yake rubuta wanda ya ɗauki kaza ran kaza. Sauran jarin duk a kansa yake: wace ce ta karanta me, wane gida ne ke mayar da littafi a kan lokaci, wace marubuciya ce sunanta kaɗai ke sa a yi rububi.

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa lokacin da wayar hannu ta gama gari, da wuya a rasa irin wannan mutum a garin da ke da makarantar sakandare da tashar mota. Birnin Daura da manyan garuruwan masarautar, wato Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, ba a bar su a baya ba. Ba a kirga shi cikin masu sana'ar gado, ba shi da sarki kamar maƙera ko mahauta, kuma ba wanda ya taɓa yi masa kirari. Amma idan ka tambayi matan da suka yi 'yammatanci a wancan zamani inda suka goge da karatun Hausa, kaɗan ne za su ce a aji. Yawancinsu a kan gado suka goge, da fitilar ƙwai, da littafin haya da za a mayar gobe da safe.

Abin da ya haifi sana'ar a bayyane yake. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka kwarara makaranta har daga ƙauyukan da da ba sa kai 'ya'yansu. Bayan shekara goma sai ga ƙasar cike da samari da 'yammata da suka iya karatun boko, amma abin karantawa ya yi ƙaranci. Akwai littattafan da aka gada daga Zariya tun gasar da Rupert East ya shirya a 1933, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwar Hamada wanda ɗan garin nan, Sa'idu Ahmad Daura, ya rubuta. Littattafai ne masu daraja, amma sun zama na jarrabawa, kuma babu wanda ke ba da labarin budurwar da aka sa wa rana da wanda ba ta so. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, aka ga alamar inda zukatan matasa suka karkata. Kafin a yi nisa tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta inda ribar ke da tabbas.

Sai matasan suka ɗauki abin da kansu. Marubuci ya tara 'yan kuɗinsa, ko marubuciya ta sayar da ɗan abin da ta mallaka, a kai ƙaramar maɗaba'a a Kano a buga. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a farkon shekarun 1990 ya buɗe kasuwar gaba ɗaya. Da yake kuɗin bai isa a buga labari sukutum, sai a raba shi: na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Abin da aka samu a na ɗaya da shi ake buga na biyu. Marubuta kuma suka gane cewa in aka yanke labari daidai inda amarya ta yanke jiki ta faɗi, ko inda aka ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare, na biyu ya riga ya sayar da kansa.

To, yarinyar da ke gama littafi a dare ɗaya ba za ta iya sayen kashi uku na kowane labari ba. Nan mai haya ya samu gurbi. Yana sayen kwafi, ya ba da shi kwana ɗaya ko biyu a kan kuɗi kaɗan, in littafin ya zaga 'yan hannuwa ya mayar da uwar kuɗi, abin da ya biyo baya riba ce har ranar da takardar ta mutu.

Sari a Kano ake yi, galibi wurin dilolin littattafai na kasuwar Sabon Gari. Mutum ya kama hanyar Kazaure da sassafe ya dawo da yamma da kwali, ko ya ba direban da ya amince da shi kuɗi da jerin sunaye. A wurin sari ake gane gwani. Dila zai zube maka sababbin fitowa fiye da ƙarfin aljihunka, kuma kowane bango da hoton kyakkyawar mace da fure. Wanda ya san aikin sunan marubuci yake fara dubawa. A zamanin da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, take tashe, ba a tsayawa duba cikin littafinta, sai dai a yi lissafin kwafi nawa za su isa. In sunan sabo ne, sai ya karanta shafin farko a tsaye, ya leƙa na ƙarshe ya ga yadda aka yanke labarin, ya tambayi dila ko na biyu yana maɗaba'a. Wannan tambayar ita ce mafi muhimmanci. Babu asarar da ta kai a ɗauko na ɗaya, masu karatu su kamu, sannan marubucin ya ɓace saboda kuɗi sun ƙare ko, in mace ce, an yi mata aure an tafi da ita wani gari. Mai haya ne zai sha tambaya wata da watanni, kamar shi ya ɓoye ƙarshen labarin.

Da an dawo daga sari, ba a ba da littafi yadda ya zo. Takardar irin ta jarida ce, marar ƙwari, kuma ƙarfe biyu ne kawai suka riƙe ta a tsakiya. In aka bar shi haka, hannu uku ya isa shafukan tsakiya su zare. Don haka sai ya zauna da allura da zare mai kauri, ya huda gindin littafin wuri uku ko huɗu, ya ɗinke, ya ƙulla ta baya. Ya bi gefen bango da salatif, wani ma ya lulluɓe bangon duka. Ya rubuta sunansa ko ya buga hatimi a shafin farko, ya sake bugawa a wani shafi can ciki da shi kaɗai ya san lambarsa, saboda masu yage shafin farko su ce nasu ne. Ranar da littafi ya dawo kuma, kafin ya soke suna a rajista sai ya juya shi ya duba ganyen ƙarshe. Nan ne aka fi yi masa ɓarna. Labarin da ba shi da shafin ƙarshe ya mutu, ko da sauran duk lafiya lau.

Littafin da ya yi shekara yana yawo yakan dawo da tarihin gidajen da ya shiga. Ga tabon manja, ga inda yaro ya ja ya yage, ga ƙamshin turaren wuta da ya kama takarda. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne rubutun gefe. Wata ta ɗauki biro ta tsine wa uwar mijin da ke cikin labarin, wata da ta karanta bayanta ta rubuta a ƙasa cewa ai laifin matar ne da ta cika haƙuri, ta uku ta ja layi ƙarƙashin wasiƙar da saurayi ya rubuta, alamar an kwafe ta an aika wa wani. Waɗannan mata ba su san juna ba, wataƙila unguwanninsu ma ba ɗaya ba ne, amma sun yi muhawara a gefen shafi. Mai haya yana yin faɗa a kan wannan rubutu, amma ba ya gogewa, don ya lura littafin da aka yi wa rubutu ya fi fita.

Babban abin da ya bambanta wannan sana'a da sauran saye da sayarwa shi ne, yawancin abokan cinikinsa bai taɓa ganin fuskarsu ba. Matan aure suna cikin gida, 'yammata da yawa kuma ba a barin su tsayuwa a teburin namiji. Yara ake aikowa. Yarinya 'yar shekara takwas za ta zo da littafi a naɗe cikin gefen hijabi, ta durƙusa ta ce, "Malam, wai in ji Yaya, ga wannan, a ba ta na biyu."

"Na biyu yana hannu, sai gobe. Wace Yayar taki, ta gidan mai ɗinki?"

"Eh. Ta ce in babu a ba ta wani mai daɗi, amma ban da mai mutuwa."

Daga wannan ɗan saƙo zai zaɓa. Ya san wannan Yayar ta karanta kaza da kaza, ta mayar da wani tun kafin la'asar, alamar bai yi mata ba, ta riƙe wani kwana huɗu ta biya tara ba gardama. Ya san amaryar da aka kawo daga wani gari, kaɗaici ya dame ta, tana son dogon labari mai kashi da yawa. Ya san wadda aka yi wa kishiya kwanan nan, da irin labarin da za ta nema da irin wanda bai kamata a aika mata ba yanzu. In ya yi kuskure sau biyu a jere, yarinyar aike za ta koma teburin wani. Masu nazarin adabi a jami'a suna auna littafi da jigo da salo da warwarar labari. Shi ma'auninsa shi ne ko littafin ya kwana a tebur. Ban ce ma'auninsa ya fi nasu ba, amma nasa ne ke da hukunci nan take.

Ya kuma san kuɗin mutum ɗaya aka ba shi, mutum goma za su karanta. Littafi na shiga gida zai bi ɗaki-ɗaki, ya tsallaka katanga zuwa maƙwabta, da dare kuma wadda ta iya boko ta karanta a bayyane ga waɗanda ba su iya ba, har da tsofaffin da ke cewa ba ruwansu amma ba sa tashi daga wurin. Ba ya hana wannan, ba zai ma iya ba. Abin da yake iyawa shi ne ya sa wa'adi, ya karɓi jingina daga baƙon fuska, ya yi haƙuri da bashi. Bashin kuwa ba ya ƙarewa. Akwai littafin da ke tafiya cikin kayan amarya zuwa Kazaure ko Katsina, ba a sake jin ɗuriyarsa.

Kasuwar tana da lokutanta. Hutun makaranta shi ne kakarta, musamman in 'yan makarantun kwana suka dawo. Ana gobe komawa kuma sai a zo saye maimakon haya, a cusa a ƙasan akwati ƙarƙashin garin kwaki, don in malamai suka kama ƙwacewa za su yi. Da azumi ciniki yakan ja baya, mutane sun koma ga Alƙur'ani da tafsiri, mai hankali ma yakan sauke na igiya ya rataya littattafan addu'o'i. Bayan salla a dawo da yunwar karatu.

Samari suna da nasu ɓangaren. Su littattafan yaƙi da na aljanu da matsafa suke nema, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ko labaran ban tsoro da na bincike irin na Nazir Adam Salih. Su sukan zauna a benci a gefen teburin su karanta nan take a kan rabin kuɗi, su yi ta musu a kan wane jarumi ya fi wane. In ɗayansu ya miƙa hannu ga na soyayya, sai ya ce ƙanwarsa ce ta aiko shi. Mai haya ya san ba shi da ƙanwa, amma ba ya tona shi.

Kusancin Daura da iyakar Nijar ya ƙara wa sana'ar wani reshe. Kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi tana tara mutane daga ɓangarorin biyu, kuma hanyar Kwangwalam ita ce ke bi ta Matamaye zuwa Damagaram. Matashin Nijar da ya yi karatunsa da Faransanci ba ya shan wahalar karanta Hausar boko, haruffan kusan ɗaya ne. Haya ba ta yiwuwa da wanda zai tsallaka iyaka, don haka su saye suke yi, kuma tsofaffin da suka gama zagayensu a nan sukan samu sabuwar rayuwa a can a kan farashi mai sauƙi.

Zargi bai taɓa barin wannan sana'a ba. Iyaye da malamai sun ce littattafan suna ɓata tarbiyya, suna koya wa yara soyayya da raina zaɓin iyaye, suna hana karatun makaranta. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu, inda Ibrahim Malumfashi ya soki ingancinsu ya kira su adabin kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka tsaya a kan cewa adabi ne na zamaninsa da ya cancanci nazari. A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta matsa wa marubuta lamba su yi rajista a riƙa duba rubutunsu. Daura ba ta ƙarƙashin dokar Kano, amma daga Kano kaya ke zuwa, in an tsuke can sai a ji a teburin nan.

A ganina masu sukar suna da gaskiya ta wani gefe. Da yawa daga littattafan an rubuta su cikin gaggawa, ƙa'idar rubutu a karye, an ɗebo labari daga finafinan Indiya, jarumi kullum ɗan attajiri mai mota. Amma wanda ya zauna ya karanta waɗanda suka daɗe suna yawo zai ga abin da ya riƙe masu karatu ba motar ba ce. Auren dole ne, da cire yarinya daga makaranta, da sakin wulaƙanci, da halin da 'ya'ya ke shiga in gida ya watse. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat a kan ilimin 'ya mace yake, Alhaki Kuykuyo Ne kuma a kan mijin da ya yi watsi da iyalinsa. Wannan na ƙarshen ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. 'Yar shekara goma sha shida da ke karanta irin waɗannan tana karanta abin da take gani a gidansu ko gidan maƙwabta ne, wanda ba a tattauna shi da ita.

Akwai kuma wata tacewa da masu ƙona littafi ba su lissafa da ita ba. Mai haya ɗan gari ne. Yana sallah a masallaci ɗaya da uban yarinyar, kuma ya san in littafin banza ya fita daga hannunsa ya shiga gidan mutunci, har teburinsa za a biyo shi, in ma ba a kai maganar gaban mai unguwa ba. Saboda haka akwai littattafan da ba ya ratayawa a igiya, akwai waɗanda yake aika wa matan aure kawai. In 'yar ƙaramar sakandare ta aiko neman irinsu, amsar ita ce yana hannu, kuma zai ci gaba da zama a hannu har ta girma. Ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da tsoron rasa ciniki, amma aikin yana yiwuwa.

Finafinan Hausa na kaset ne suka fara rage masa kasuwa tun shekarun 1990, shi ya sa da yawa suka haɗa hayar littafi da hayar kaset. Wayar hannu ce ta ƙarasa. Yau marubuciya tana rubutu a wayarta, ta saki shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, ta ba da farkon kyauta, in labari ya kai inda ba a iya bari sai ta ce sauran na kuɗi ne, a tura ta banki ko a aiko da katin waya a shiga rukuni na musamman. Wasu kuma suna karanta littattafan da murya su ɗora a YouTube, mace tana girki tana saurare. Marubutan da suka yi suna a takarda da yawa sun koma rubuta finafinai masu dogon zango, musamman bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take fito da sababbin marubuta mata. Karatu bai ragu ba, ina ma jin ya ƙaru. Dabarar ma ba ta canza ba: a yanke labari a inda ya fi zafi, a jira biya, mai biya ɗaya ta tura wa ƙawaye goma, marubuciya ta yi ta Allah ya isa.

Wanda ya gaji gurbin mai haya a kasuwa shi ne mai tura fim a waya, wanda aka fi sani da ɗan dawunlodin. Yana zaune da kwamfuta, a miƙo masa waya ko memori ya zuba finafinai da waƙoƙi da littattafan murya. Sai dai shi bai karanta abin da yake turawa ba, yawansu ma ya fi ƙarfin karantawa, kuma abin da ke shiga waya kai tsaye daga rukunin WhatsApp ba ya bi ta hannun kowa. Littattafan batsa da ake kuka da su yanzu, waɗanda marubutan kirki da kansu suke yaƙa, ta wannan ƙofa suke shiga, ba mai cewa yana hannu.

Waɗanda suka rage a sana'ar sun karkata ga littattafan makaranta da na addini da kayan rubutu, na hira sun koma kwali ɗaya a can ƙurya don tsofaffin abokan ciniki da idonsu ba ya jure hasken waya. Kwalayen da yawa gara ta ci, wasu an sayar wa masu ƙosai da masu tsire a kan nauyi. Da yake marubutan da kansu suka buga, ba kamfanin da ya ajiye kwafi, kuma ɗakunan karatu na gwamnati ba su ɗauke su abin ajiyewa ba. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da kundin sunayen ɗaruruwan irin waɗannan littattafai na tsakanin 1987 da 2002, aka buga shi a Jamus a 2004, amma suna daban, littafi a hannu daban. Ɗalibin Hausa daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Bayero da aka ba shi nazarin wata marubuciyar shekarun 1990 yakan sha yawo kafin ya haɗa na ɗaya da na biyu da na uku, kuma sau da yawa a wurin tsohon mai haya yake dacewa. Shi kuwa yanzu ba ya barin irin waɗannan su kwana a waje ko nawa za a ba shi. Sai dai ya rufe kes, ya raka ɗalibin wurin mai hoton takarda, a ɗauka a gabansa, ya ƙirga shafukansa ya koma da abinsa.